Da a ce rabon kujeru ake yi a majalisar Birnin Gwari

A zaɓen ƙananan hukumomin Kaduna na 19 ga Oktoba 2024, hukumar KADSIECOM ta ce APC ta lashe kujerun shugabanni 23 da na kansiloli 255, har da mazaɓu 11 na Birnin Gwari. Ko da an ƙirga ƙuri'a tsakani da Allah, tsarinmu na iya haifar da haka, domin wanda ya zo na ɗaya a mazaɓa, ko da tazarar ƙuri'a guda, shi ke ɗauke kujera, sauran su tashi a tutar babu. A Nijar kuwa, a zaɓen majalisun ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba 2020, jerin sunayen jam'iyya aka zaɓa a Maradi da sauran garuruwa, kowace ta samu kujeru gwargwadon ƙuri'unta, kodayake sojoji sun rushe majalisun a 2024. Da haka ake yi a Birnin Gwari, jam'iyyu masu kashi 60 da 30 da 10 cikin ɗari za su samu kujeru 7 da 3 da 1, a samu masu tambayar ina kuɗi suka shiga.

Masu sukar tsarin rabo na cewa manomin mazaɓar Kuyello ko ta Dogon Dawa yana son kansilan da ya san ƙofar gidansa, musamman in 'yan bindiga suka fito daga daji. Maganarsu na kan hanya, amma ana iya tilasta wa jam'iyya ta sa ɗan kowace mazaɓa a jerinta. Kuma in ƙaramar hukumar ta zama mazaɓa ɗaya, wanda rikici ya koro daga mazaɓar Randagi zai iya kaɗa ƙuri'arsa a cikin gari ta yi aiki, muddin doka ta ba shi rumfa a can.