Koyon tuƙin jirgin sama a cikin ɗaki: gardamar da tsofaffin jiragen soja suka tayar

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasu mutane, cikinsu har da ma'aikata da ƴan kasuwa da tsofaffin sojoji, waɗanda da zarar sun taso daga aiki sai su zauna gaban kwamfuta, su riƙe sandar tuƙi, su ɗora ƙafafu bisa feda biyu a ƙarƙashin tebur, su tashi jirgin da ba ya barin ƙasa. Abin da ke ba da mamaki shi ne, da yawa daga cikinsu ba jiragen zamani suke nema ba, sun fi sha'awar tsofaffin jiragen da sojoji suka koyi tuƙi da su shekaru aru-aru. A kan waɗannan jirage ne suke tafka wata gardama mai muhimmanci ga duk uban da ɗansa ke mafarkin zama direban jirgi: shin ana iya koyon wannan aiki a zaune cikin ɗaki?

Akwatin da ya fara

Tun a shekara ta 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera na'urar kwaikwayon tuƙi a garin Binghamton. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa, don haka sai ya yi amfani da zugazugai masu hura iska, kamar na maƙera, su riƙa karkata akwatin zuwa dama ko hagu, sama ko ƙasa, daidai da yadda ɗalibi ya motsa sanda. Da farko ba a ɗauke shi da daraja ba, har wuraren wasanni ne suka fi sayen akwatin. Sai a 1934, lokacin da gwamnatin Amurka ta ɗora wa sojojin sama jigilar wasiƙu, aka rasa rayukan sojoji sama da goma cikin ƴan makwanni, galibi saboda ba su saba tuƙi cikin dare da gajimare ba. A shekarar ce rundunar ta sayi akwati 6, kowane a kan dalar Amurka 3.500. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ƙare an ƙera fiye da 10.000, kuma direbobi sama da 500.000 sun bi ta cikinsa.

Dalilin amfaninsa kuwa yana cikin jikin ɗan Adam. Idan ido ya daina ganin inda sama ta haɗu da ƙasa, cikin kunne ne ke gaya wa mutum yadda yake, kuma kunnen yakan yaudare shi: jirgi na karkace, direba na jin a miƙe yake. A 1954 jami'ar Illinois ta gwada direbobi 20 da ba su koyi tuƙi da agogunan jirgi ba, aka rufe musu ganin waje. Dukkansu jirgi ya kuɓuce musu, a matsakaicin lokaci na daƙiƙa 178. Wanda ya taɓa ganin yadda hazo ke rufe Damagaram ko Agadas lokacin hunturu, har jirage su kasa sauka, zai gane nauyin wannan darasi.

T-6, malami mai tsanani

Jirgin da masu wannan sha'awa suka fi ambata shi ne T-6 Texan, wanda Ingilishi ke kira Harvard. Samfurinsa na farko ya tashi a 1935, kuma an ƙera fiye da 15.000. Injinsa na da ƙarfin doki 600, ɗalibi yana zama a gaba, malami a bayansa. A tsarin Amurka na lokacin yaƙi, ɗalibi yakan fara da Stearman mai fikafikai hawa biyu, ya wuce ga BT-13, sannan ya iso T-6, wanda daga shi sai jirgin yaƙi.

Wuyarsa tana wajen sauka. Manyan tayoyinsa biyu suna gaba, ƙarama tana ƙarƙashin wutsiya, nauyin jirgin kuma yana bayan manyan tayoyin. Saboda haka idan iska ta bugo daga gefe, direba ya yi jinkirin taka feda, sai wutsiya ta nemi wuce kai, jirgin ya juya a filin kamar dokin da ya yi tutsu. Wannan hali ne ya sa sojoji suka amince cewa wanda ya iya da T-6 zai iya da abin da ya fi shi. Sojojin saman Afirka ta Kudu ba su ajiye shi ba sai a 1995.

To amma tarihinsa bai tsaya a makaranta ba. Faransa ta ɗaura wa ɗaruruwansa bindigogi da rokoki ta yi amfani da su a yaƙin Aljeriya tsakanin 1954 da 1962, haka ma Portugal ta yi a Angola da Mozambik da Gine-Bisau. Wannan ɓangare ne da ba a cika gani a allon kwamfuta ba.

Fouga mai wutsiya kamar gwafa

Ga masu jin Faransanci, Fouga Magister shi ne abin ƙauna. Ya fara tashi a 1952, an ƙera kimanin 900, ana gane shi da wutsiyarsa mai reshe biyu da kuma fitar injinansa mai huda kunne. Da yake malamin da ke baya ba ya ganin gaba sosai, an sa masa madubin leƙe a saman kujerarsa. Ayarin wasan jirage na Patrouille de France ya yi aiki da shi daga 1964 zuwa 1980, kuma ƙasashen Kamaru da Senegal da Togo da Gabon da Maroko duk sun mallake shi. A Katanga, cikin 1961, Fouga guda ɗaya tak ya addabi sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kwanaki.

Inda ra'ayi ya rabu

Manhajar Microsoft Flight Simulator ta fara fita a 1982. Fitowar 2020, wadda kamfanin Asobo na birnin Bordeaux ya haɗa, ta zana duniya gaba ɗaya da hotunan tauraron ɗan Adam, ta yadda mutum zai iya tashi daga filin Diori Hamani na Yamai ya bi kogin Kwara da ido. Ana samun T-6 da Fouga a cikin irin waɗannan manhajoji, an kwaikwayi kowane agogo da kowane makunni.

Ɓangare ɗaya na masu gardamar na cewa wannan makaranta ce ta gaske. A cikinta mutum ke koyon karanta agoguna, da bin jerin bincike kafin tashi, da lissafin hanya da mai, da yadda ake magana da hasumiya. Kuma yana iya kashe injin sau ɗari don ya gwada dabara, ba tare da asarar rai ko ta dukiya ba. Ɗaya ɓangaren, wanda malaman tuƙi suka fi yawa a ciki, na cewa kujerar ɗaki ba ta motsi. Ba ta danna mutum ƙasa idan jirgi ya sha kwana, ba ta kawo jiri, ba ta kawo tsoro. Suna kuma kukan cewa ɗalibin da ya saba da kwamfuta yakan zo da ɗabi'ar ƙura wa agoguna ido maimakon duban waje, sai an sha wahala kafin a raba shi da ita. Ƙaramin sani, in ji masu iya magana, ƙuƙumi ne.

Doka ta riga ta raba gardamar ta wani fanni. Bisa ƙa'idar hukumar jiragen farar hula ta duniya, mai neman takardar izinin tuƙi ta farko yana bukatar awa 40 a sama, kuma abin da za a lissafa masa na na'urar kwaikwayo bai wuce awa 5 ba, ita ma sai wadda hukuma ta amince da ita, a gaban malami. Babban direban jirgin fasinja kuwa sai ya cika awa 1.500.

Saboda haka uban da ya ga ɗansa ya duƙufa a kan wannan na'ura bai kamata ya ɗauke ta wasan banza ba, bai kuma kamata ya ɗauka yaron ya zama direba ba. Hanyar tana bi ta lissafi da Ingilishi da lafiyar ido, sannan makaranta. A Zariya akwai kwalejin koyon tuƙin jirage da aka kafa a 1964. A Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda tun 1963 take horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi da masu gyaran na'urori. Yaron da ya saba da agogunan T-6 a gida zai shiga aji da ɗan guzurinsa, sauran aikin kuwa sai a filin jirgi, tare da malami a kujerar baya.