Mai Zafin Rai Yana Iya Sauyawa

Idan matashi ya yi suna wajen saurin hannu, sai a ce hali zanen dutse ne, a sallama shi. Abin da aka gani a Monrobiya, babban birnin Laberiya, ya nuna an yi gaggawar fid da rai. Masu bincike, ciki har da Christopher Blattman, sun tattaro samari 999 daga cikin waɗanda gari ke tsoro: ɓarayi, dillalan ƙwaya da tsofaffin mayaƙan basasa. Wasu aka ba su horon mako 8 kan yadda mutum zai gane ransa ya fara ɓaci, ya dakata, ya ja numfashi, ya sake tunani kafin ya ɗaga hannu. Wasu aka ba su dala 200, wasu duka biyun, wasu kuwa ba a ba su komai ba. Bayan shekara 10, sata da fashi a tsakanin waɗanda suka samu horo da kuɗi sun yi ƙasa da kusan rabi idan aka gwada su da na rukunin ƙarshe.

Wani zai ce ai talauci ne tushen abin, a ba su jari kawai. Talauci na da hannu, babu musu. Sai dai waɗanda aka ba kuɗi zalla sun ɗan lafa na 'yan makonni, kafin shekara ta zagayo sun koma ruwa. Wani kuma zai ce a bar mai fushi ya yi ihu, ya fasa abin da zai fasa, sai ya huce. A 2002 Brad Bushman ya gwada haka da ɗalibai a Amurka: waɗanda suka naushi jakar dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai sun fi waɗanda suka zauna shiru tsananin fushi daga baya. Abin da ke aiki shi ne kwantar da jiki, kuma wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, domin hadisi ya umarci mai fushi ya zauna idan yana tsaye, ya kwanta idan bai huce ba.

Kamen 'yan daba a Kano yana kawar da wuƙa daga titi na ɗan lokaci, amma wanda aka sako yakan fito da zuciyar da ya shiga da ita. Gwamnatoci, malamai da masu unguwanni su sanya irin wannan horo a gidajen gyaran hali da unguwanni, sannan jari ya biyo baya.