Jiniyar ƙarya: Idan na'urar tsaro ta yi ihu a Maradi, wa zai fito?

Na'urar da ke ihu idan ɓarawo ya taɓa ƙofa ba baƙuwa ba ce a birnin Maradi. Tana jikin babura, tana shagunan 'yan kasuwa, tana kuma gidajen da 'yan ci-rani suka gina suka rufe suka koma Libiya, Saudiyya ko Faransa. Sai dai sau da yawa ihun nata ba na ɓarawo ba ne.

Idon na'urar zafin jiki mai motsi yake gani, don haka kyanwa ko akuya na iya tayar da shi. Ƙurar hunturu, zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano, batir da ya yi sanyi, ko ɗaukewar wutar NIGELEC da dawowarta, duk suna sa jiniya ta tashi da tsakar dare. Maradi ta dogara sosai da wutar da ke zuwa daga Najeriya ta layin Katsina, kuma jama'a ba su manta da duhun da ya biyo bayan yanke ta a watan Agustan 2023 ba.

A ƙasashen da suka daɗe da wannan na'ura, matsalar ta kai ga kafa doka. Wani littafin jagora da ma'aikatar shari'ar Amurka ta wallafa ya nuna cewa kashi 94 zuwa 98 cikin 100 na irin wannan kira da 'yan sanda ke amsawa na ƙarya ne, galibi saboda kuskuren masu gida. Shi ya sa a shekarar 2000 birnin Salt Lake City ya daina tura 'yan sanda sai wani ya je ya gani da ido. A Ingila, jiniyar da ta yi ƙarya sau 3 cikin wata 12, 'yan sanda sun daina zuwa mata.

Faransa, wadda dokokin Nijar da dama suka samo asali daga nata, ta ɗora nauyin a kan kamfanin tsaro: dole ya tantance kafin ya kira hukuma, in ba haka ba tarar na iya kai Yuro 450, kimanin jika 295 na CFA, a kan kowane kira.

A Maradi kuwa, wanda ke fara fitowa ba ɗan sanda ba ne. Maigadi ne da maƙwabta. A cikin birni ana kiran 'yan sanda a lamba 17, amma a karkarar Tibiri da Jiratawa aikin ya fi faɗawa kan jandarma, waɗanda ke fama da 'yan bindiga masu satar mutane da shanu a yankunan Gidan Rumji da Madarunfa. Duk motar da ta fita saboda kyanwa, wani ƙauye ne ya rasa ta a daren.

Hatsarin iri biyu ne. Idan jiniya ta saba ƙarya, unguwa takan daina tashi, ranar da ɓarawo ya zo da gaske kowa ya gyara kwanciya. Idan kuma matasa suka fito da sanduna cikin duhu, kalmar "ɓarawo" ɗaya ta isa ta jawo wa mai wucewa dukan da ba zai tashi ba.

Kula da natsuwar unguwanni aikin hukumar gari ne, wadda ke hannun kantomomi tun bayan rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024. Abin da za a iya ara daga waje ba ya cin kuɗi: rajistar duk gidan da ke da jiniya tare da lambar wanda ke riƙe da makulli, ƙayyade mintocin da za ta yi tana ihu, da gargaɗi kafin tara.

Ga ɗan ci-rani kuwa, kafin ya aiko da kuɗin na'ura, gara ya fara samun ɗan'uwa ko maƙwabcin da zai amsa waya ƙarfe 3 na dare, ya je ya duba kafin a tashi unguwa.