Tsofaffin Ƙananan Jirage: Me Ke Kada Su Ƙasa?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau sama za mu hau, amma ba a irin manyan jiragen da ke kwasar alhazai ba. Ƙananan nan nake nufi, masu kujera biyu zuwa shida, inji ɗaya, da farfela a hanci. A Amurka da Ingila da Ostareliya akwai dubbansu a hannun ɗaiɗaikun mutane, wasu sun girmi kakanninmu. Piper J-3 Cub tun 1947 aka daina ƙera shi, amma har gobe ana tashi da shi. Cessna 172 kuwa tun 1956 yake kasuwa. Duk ranar da ɗaya ya faɗo, maganar da ake fara yi ita ce, "Ai dole, akwala ce." To gaskiya lamarin ya wuce nan. A Amurka doka ce a binciki kowane irin wannan jirgi ciki da bai sau ɗaya a shekara, idan kuma na haya ne mai ɗaukar fasinja, duk bayan awa 100 na tashi. Kuma rahotannin masu binciken haɗari sun daɗe suna nuna cewa mafi yawan faɗuwar ƙananan jirage daga shawarar matuƙi take farawa. Tsufa na da nasa kason, amma da wuya ya kada jirgi shi kaɗai.

Mu fara da inji. Ran 5 ga Maris, 2015, jarumin fim ɗin nan Harrison Ford ya tashi daga filin jirgin Santa Monica a Kalifoniya da wani jirgin horar da sojoji na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙirar Ryan, wanda aka yi a 1942. Bai yi nisa ba inji ya mutu. Ya juyo zai koma fili, ya ga ba zai kai ba, sai ya nufi wani filin wasan golf, ya daki kan bishiya ya faɗo. Ya ji rauni sosai, amma Allah Ya yi da sauran kwana. Da hukumar bincike ta NTSB ta kwance injin, me aka gani? Wani ɗan ƙaramin ƙarfe mai awon mai a cikin kafireta ne ya kwance ya fita daga mazauninsa, fetur ya yi wa inji yawa, ya shaƙe. Abin da bai kai ɗan yatsa ba. Duk mai babur ya san halin kafireta, bambancin kawai shi ne kai in taka ta yi gardama, ka tura zuwa wurin makanike. A sama babu gefen titi.

Kafiretar nan tana da wata cuta da za ta ba ku mamaki: ƙanƙara. Idan iska ta ratsa ta cikin matsattsen maƙogwaronta, fetur kuma yana zama tururi, sanyin wurin kan sauka da digiri 20 ko fiye. In akwai laima a iskar, sai ta daskare ta toshe hanya a hankali. Ba sai ana hunturu ba fa, ko a rana mai zafin digiri 30 yana faruwa. Akwai wani madanni da matuƙi zai ja ya tura iska mai ɗumi ciki, kuma idan ya ja, inji kan ƙara yin tari na ɗan lokaci saboda yana haɗiyar ruwan da ya narke. A nan ne mai tsoro ke mayar da madannin, ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa. Abin haushin, kafin masu bincike su iso, ƙanƙarar ta narke, sheda ta tafi.

Sai batun mai, wanda ni a wurina shi ne mafi ban takaici. Jirgin da ya daɗe a ajiye, tanki rabi, raɓa kan taru a ciki, ko robar murfi ta tsufa ruwan sama ya shiga. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya ƙasa, daidai inda inji ke zuƙa. Shi ya sa kafin kowace tafiya ake tsiyayo ɗan mai a kwalba a duba. Agogon mai na tsofaffin jirage kuma ba abin yarda ba ne, masu hankali sanda suke tsomawa su gani da idonsu. Wasu kuma man na nan a ɗaya tankin, juyawa ce ta gagara. Mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a 1997 a wani ƙaramin jirgi haɗin gida da bai daɗe da saye ba. An kafa hannun juya tanki ne a bayan kafaɗarsa ta hagu, ya murɗa jiki zai kamo shi, jirgi ya ƙwace ya faɗa teku.

To idan inji ya mutu, shi kenan an gama? A'a. Ƙaramin jirgi yana iya lilo ya sauko a hankali kamar shirwa, muddin matuƙi ya sunkuyar da hancinsa ya riƙe gudu. Matsalar ita ce zuciya ba ta son ganin ƙasa tana matsowa, sai hannu ya ja sitiyari baya. Hanci na ɗagawa gudu ke raguwa, har a kai inda iska ta daina bin fiffike yadda ya kamata, fiffiken ya saki. Idan ana cikin kwana ne, ɓangare ɗaya ke riga saki, jirgi ya wuntsila. A kusa da ƙasa babu filin gyara. Malaman tuƙi suna ta nanata wa ɗalibai cewa in inji ya mutu jim kaɗan bayan tashi, a nemi fili a gaba, ko gona ce, kada a yi kwaɗayin komawa inda aka taso. Abin da ya taimaki Ford shi ne da ya ga ba zai kai ba, bai yi taurin kai ba.

Yanzu ga babban makashi: duhu da gajimare. Yawancin masu irin waɗannan jirage lasisinsu na tuƙi da ido ne, wato sai suna ganin ƙasa da inda sama ta haɗu da ita. Da zarar wannan layi ya ɓace, abin da ke cikin kunnenka mai gaya maka ko a miƙe kake sai ya fara yi maka ƙarya. Jirgi na karkata, jikinka na rantsuwa daidai kake. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da na'ura, aka rufe musu ganin waje. Dukkansu jirgi ya ƙwace musu, kuma a matsakaici cikin daƙiƙa 178. Ko minti uku ba a cika ba. Haka ta faru da John F. Kennedy ƙarami a Yulin 1999, da dare, a kan teku, cikin hazo, shi da matarsa da yayarta. Mu ma a nan gida mun gani. Ran 25 ga Oktoba, 2012, Gwamnan Taraba Danbaba Suntai ya faɗo kusa da Yola da Cessna 208 da yake tuƙawa da kansa. Jirgin ba tsoho ba ne, amma rahoton masu bincike ya ambaci tashi da ido bayan faɗuwar rana, da rashin takardar ƙwarewa a kan wannan samfurin. Bai sake komawa daidai ba har rasuwarsa a 2017.

'Yan ƙwallo, ku matso, wannan naku ne. Emiliano Sala, ɗan Ajantina, shekara 28. Cardiff ta saye shi daga Nantes a kan kusan fam miliyan 15. Ya koma Faransa ya yi sallama da abokan wasansa, ran 21 ga Janairu, 2019, ya hau wani Piper Malibu ƙirar 1984 zai tafi sabuwar ƙungiyarsa. Jirgin ya ɓace a tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. An samu gawarsa a cikin tarkace a ƙarƙashin ruwa, ta matuƙin kuwa, David Ibbotson, har yau ba a gani ba.

Da aka auna jinin Sala, sai aka tarar kashi 58 cikin 100 na abin da ke ɗaukar iska a jinin ya riga ya kama gubar kabon monoksaid. Ita ce dai gubar hayaƙin janareta da ke kashe iyali guda a ɗaki cikin dare, ba wari, ba launi. Ya aka yi ta shiga? A ƙananan jirage, iskar ɗumama ɗaki ana zagaya da ita ne ta jikin salansa don ta ɗauki zafi. In salansar ta tsage saboda tsufa da tsatsa, hayaƙi ya bi iskar ya shigo. Masu binciken Birtaniya suka ce wataƙila haka ce ta faru, kuma mai yiwuwa matuƙin ma ya shaƙa. Ga shi babu na'urar da za ta yi ƙara ta ankarar da su.

Amma ku ji sauran. Matuƙin ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi. Ba shi da izinin tashi da dare. Jirgin kansa ba a ba shi izinin yin haya ba. Ga kuma mummunan yanayi da yake ƙoƙarin kauce wa lokacin da jirgin ya ƙwace masa ya tarwatse tun a sama. Wannan kabu-kabu ne kawai, na sama, kuma yaron da aka ɗauka bai san komai a kai ba, shi an ce masa ga jirgi ne ya hau. Ni wannan ya fi tsaya mini a rai, domin mai tsohon jirgin da ke shawagi shi kaɗai ran Lahadi da ransa yake kasada, wanda ya ɗauki fasinja kuwa da ran wani yake yi. A 2021 kotu a Cardiff ta ɗaure David Henderson, mutumin da ya shirya tafiyar, wata 18. Daga farkon 2025 kuma hukumar jiragen sama ta Birtaniya ta wajabta sa na'urar gano wannan guba a irin waɗannan ƙananan jirage idan za su ɗauki fasinja. Na'urar da kuɗinta bai kai na takalmin ƙwallo mai kyau ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.