Mece Ce Inshora, Kuma Me Take Biya?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ina so in yi amfani da wannan fili in yi ɗan bayani a kan inshora, domin na lura cewa yawancin mutanenmu na Kunci da kewaye sun ɗauke ta wata takarda ce kawai wadda direba ke miƙa wa ɗan sanda a kan hanyar Bici zuwa Kano. Alhali kuwa mutum yakan yi shekara ashirin yana tara abin hannunsa, gobarar dare ɗaya ta mai da shi abin tausayi. Saboda haka ya kamata mu san abin da inshora take biya, da kuma abin da ba ta biya.

Da farko dai, inshora yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani. Mutum yana biyan kuɗi kaɗan kowace shekara, shi kuwa kamfani ya ɗauki alkawarin biyan diyya idan wata asara da aka ambata a takarda ta auku. Alal misali, a ce mutum 1,000 kowannensu ya zuba Naira 10,000, an tara Naira miliyan 10 ke nan. Idan wuta ta cinye shagunan mutum huɗu daga cikinsu, kowane shago na Naira miliyan 2, to abin da aka tara ya isa a mayar musu. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, don kuwa tun kaka da kakanni idan rumbun wani ya ƙone, maƙwabta sukan kawo masa dami-dami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bambancin kawai shi ne, a inshora ana tara gudunmawar tun kafin masifar ta zo, kuma a rubuce.

Inshorar gobara ta bunƙasa ne a Ingila bayan babbar gobarar birnin Landan ta shekarar 1666, wadda ta cinye gidaje fiye da 13,000. A Nijeriya kuwa kamfanonin Turawa ne suka kawo ta zamanin mulkin mallaka, sa'an nan a 1997 gwamnati ta kafa hukumar NAICOM don ta riƙa ba kamfanoni lasisi tana kuma sa musu ido.

Bari mu fara da inshorar mota, tun da ita aka fi sani. Iri biyu ce fitattu. Ta farko ita ce ta mutum na uku, wato wanda ba kai ba, ba kuma kamfani ba. Ita ce doka ta wajabta wa duk mai abin hawa, kuma asalin dokar tun 1945 ne. Idan motarka ta buge mai tafiya a ƙasa, ko ta daki motar wani, ko ta rushe katangarsa, kamfani ne zai biya shi. Amma motarka da ta lotse, ko sisin kwabo ba za a ba ka ba. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa har su ce an cuce su. A farashin da NAICOM ta ƙayyade daga watan Janairu na 2023, motar gida tana biyan Naira 15,000 a shekara, a biya ɓarnar dukiyar wani har zuwa Naira miliyan 3. A-daidaita-sahu Naira 5,000. Babur kuwa Naira 3,000. Ta biyu ita ce cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da gyaran motarka, da sata, da gobara. Kuɗinta ya fi yawa, domin an ƙayyade kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Sai dai a kula, inshora ba ta biyan injin da ya mutu don tsufa, kuma kamfani yana iya ƙin biya idan direban ba shi da lasisi, ko an rubuta motar ta gida ce aka kuma shiga haya da ita.

Na biyu, inshorar gida. Ita kuma tana kare abu biyu: ginin kansa, da kayan da ke ciki. Ta gobara zalla tana biyan ɓarnar wuta da tsawa. Wanda yake so a haɗa masa da guguwar da ke yaye kwano a farkon damina, ko ambaliyar ruwa, ko ɓarayi masu fasa ƙofa, sai ya tabbata an rubuta su a takardar, ya kuma biya ƙari. Abin da ba ta biya shi ne lalacewar da ke zuwa sannu a hankali. Idan gara ta cinye azara, ko an yi shekaru ba a yi wa soro yaɓe ba har ya rufta, wannan sakacin mai gida ne. Haka kuma kamfani yana duba irin ginin kafin ya yanka kuɗi. Ɗakin jinka ya fi na bulo da kwano saurin kama wuta, don haka ba za su zo ɗaya ba.

Na uku, inshorar kasuwanci. Mai kanti, ko mai injin niƙa, ko mai sayen gyaɗa da wake yana ajiyewa a sito, duk suna iya yi wa kayansu inshorar gobara da sata. Akwai kuma ta kayan da ke kan hanya, ga mai ɗora buhuna a mota zuwa kasuwar Dawanau. Duk wanda ya ji labarin gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, ko ruwan da ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya ɓata atamfofi da shaddodi, ya san wannan ba zancen wasa ba ne. Amma ga wata ƙa'ida da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe. Idan kayan shagonka na Naira miliyan 2 ne, ka ce na miliyan 1 ne don ka rage kuɗin biya, to ka yi wa rabi ne kawai inshora. Ranar da wuta ta ci kayan Naira 600,000, Naira 300,000 za a ba ka. Kuma ba rasit da littafin ciniki, da wuya ka tabbatar da abin da ka yi asara.

Tun da mu manoma ne, noma shi ne babban kasuwancinmu. A 1987 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin inshorar aikin gona, wanda hukumar NAIC take gudanarwa, don kare manomi daga fari, da ambaliya, da ƙwari, da cututtukan shuka da na dabbobi. Amfaninsa ya fi fitowa ga wanda ya ci bashin banki ya sayi taki da iri, domin idan damina ta ƙi, bashin ba ya yafe kansa.

Na san wasu iyayenmu suna ƙyamar inshora, kuma suna da hujja, domin malamai da yawa sun ce a cikin irin ta Turawa akwai riba da rashin tabbas da kamannin caca. Wannan ne ya sa aka fito da takaful, wadda aka fara a ƙasar Sudan a 1979. A cikinta kuɗin da aka zuba gudunmawa ce ta taimakon juna, kamfani wakili ne kawai mai kula da asusun, ba a juya kuɗin a harkar riba, kuma idan an sami rara akan raba wa masu zubi. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka sami lasisi a 2016.

A ƙarshe, ina kira gare mu ɗalibai, mu da Allah ya ba damar karatu, mu taimaki iyayenmu da abu huɗu. Mu karanta musu takardar tun daga farko har ƙarshe, musamman wurin da aka lissafa abin da ba a biya. Mu ja kunnensu su faɗi gaskiya wajen cika fom, domin ƙarya guda tana rushe yarjejeniyar. Su guji takardun jabu da ake sayarwa a tashar mota, su nemi kamfani mai lasisi. Idan kuma asara ta auku, a sanar da kamfani nan da nan, in ya ƙi biya ba bisa ƙa'ida ba a kai ƙara NAICOM. Inshora ba ta hana ƙaddara, amma wanda ya ɗaure akuyarsa sa'an nan ya yi tawakkali ya fi wanda ya sake ta. Allah ya kiyashe mu da asara, amin.