Fitilar aiki ga mai injin niƙa da maƙeri



A Korahane da sauran garuruwan Dakoro, in kaka ta yi gero ya shigo gida, injin niƙa ba ya hutawa sai bayan lisha. Maƙeri ma yakan kai dare yana wasa lauje da hauya a dutse mai juyawa. Wanda bai ga aikinsa sosai ba, yatsansa ke biya.

Aci-balbal da fitilar ƙwai ba su dace da ɗakin inji ba. Akwai gazuwal a wurin, kuma ƙurar gari da ke tashi tana kama wuta. Tocila kuwa tana cinye hannu guda. Ga fitilar da kowa zai iya haɗawa.

Kayan da za a nema: ƙwai irin na LED mai bolt 12 da wat 5, batir na moto, waya ja da baƙa, makunni, fiyus mai amfa 2, da gwangwanin madara. Masana uku ƴan Japan ne suka buɗe hanyar wannan ƙwai, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Cinsa kaɗan ne, haskensa da yawa.

Ga yadda ake yi:

1. A huda gindin gwangwani, a zura ƙwan ciki. Gwangwani shi ne hular fitila: yana tura haske ƙasa, yana tsare ido.
2. Jar waya ta tashi daga alamar + ta batir, ta bi fiyus da makunni, ta kai ga ƙwai. Baƙar waya ta tafi alamar −. Fiyus ya zauna kusa da batir.
3. A kafa fitila a bango ko ginshiƙi. Kada a ɗaura ta a jikin inji, girgiza za ta kwance waya.
4. Waya ta bi bango, nesa da bel.

Inda aka sa fitila shi ne babban abu. Haske ya sauka kan aiki, kada ya shiga ido. Mai aiki da hannun dama ya sa ta sama ta wajen hagu, kamu biyu zuwa uku daga aikin, don inuwar hannunsa kada ta rufe bakin ƙarfe.

Ƙwai mai wat 5 bai kai rabin amfa ba wajen ci. Batir da aka rubuta masa 7Ah zai riƙe shi kamar awa 8 kafin ya kai rabi. Nan za a tsaya a cika shi, don batir da ake ƙararwa sarai ba ya daɗewa. Faifan hasken rana mai wat 20 ya isa ya cika shi a yini, in an haɗa da ɗan akwatin nan mai hana cika fiye da kima.

Masu janareto da masu injin sassaƙa ƙarfe, ku lura. Wasu ƙwai masu arha suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido bai gani. A irin wannan haske, abu mai juyawa yakan yi kamar ya tsaya, mutum ya kai hannu. Wutar batir ba ta wannan ƙyaftawa.

A ƙarshe, ko da fitila mai kyau, a naɗe hannun riga, a kashe inji kafin a taɓa bel. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya tsare mu.