Tsoro da dariya a fim ɗaya: Abin da ke jan 'yan kallo zuwa finafinan zombi na barkwanci

A shekarar 2017 aka fara nuna wani ɗan ƙaramin fim na ƙasar Japan mai suna One Cut of the Dead a wani gidan sinima na birnin Tokyo mai kujeru 84 kacal. Abin da aka kashe wajen shirya shi bai wuce yen miliyan 3 ba, kimanin dalar Amurka 25,000, kuma babu wani fitaccen ɗan wasa a cikinsa.

Kafin a cika shekara biyu, fim ɗin ya tara kuɗin da suka ninka jarinsa fiye da sau dubu. Waɗanda suka kalla su ne suka riƙa yi masa talla, kowa ya fito sai ya koma da abokinsa.

Fim ɗin yana cikin wani rukuni da ya haɗa ban tsoro da ban dariya, inda gawawwaki ke tashi suna farautar masu rai, 'yan kallo kuma suna ƙyaƙyata dariya. Masu sharhin finafinai a ƙasashen Yamma kan kira irin farin jinin da wannan rukuni yake da shi da kalmar "cult". A nan kalmar ba ta da alaƙa da ƙungiyoyin asiri kamar yadda aka santa a Najeriya. Ana nufin fim mai masoya 'yan ga-ni-kashe-ni, waɗanda ke maimaita kallonsa shekara da shekaru, su haddace maganganun cikinsa, ko da kuwa bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito.

Asalin zombi

Zombi ya bambanta da fatalwa. Fatalwa a tunanin mutane ba ta da gangar jiki, shi kuwa zombi gangar jiki ce da ke motsi babu hankali.

Tunanin ya samo asali ne daga ƙasar Haiti da ke yankin Karebiya, inda Faransawa suka tara bayi daga Afirka suna yi musu noman rake kafin ƙasar ta ƙwaci 'yancinta a 1804. A camfin mutanen ƙasar, boka yana iya tayar da mamaci daga kabari ya mayar da shi bawa, ya yi ta aiki a gona ba magana ba gardama. Abin tsoron a wurin jikokin bayi shi ne a ce ko mutuwa ba ta raba mutum da bauta ba.

Amurkawa sun ci karo da wannan labari a lokacin da sojojinsu suka mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934. Wani marubuci, William Seabrook, ya yaɗa shi a littafinsa na 1929, sannan a 1932 aka fitar da fim ɗin White Zombie, wanda ya nuna gawawwaki suna juya injin matse rake.

Zombin da duniya ta sani a yau kuwa George A. Romero ne ya fito da shi a fim ɗinsa Night of the Living Dead na 1968, wanda ya shirya a kusa da birnin Pittsburgh da kuɗin da ba su wuce dala 114,000 ba. Ya cire boka daga labarin. Gawawwakinsa ba su da ubangida, suna cin naman mutane, wanda suka ciza shi ma ya zama irinsu, kuma ba sa faɗuwa sai an lalata ƙwaƙwalwarsu.

Wani kuskure ya taimaka wa yaɗuwar fim ɗin. Lokacin da kamfanin rarraba shi ya sauya masa suna, an manta ba a sanya alamar haƙƙin mallaka ba, sai ya zama kowa na iya nuna shi ko kwafarsa ba tare da biyan ko sisi ba.

Yadda dariya ta shigo

Romero da kansa ne ya buɗe ƙofar barkwanci. A fim ɗinsa Dawn of the Dead na 1978, gawawwaki suna tururuwa zuwa wani katafaren rukunin shaguna, suna gantali tsakanin kantuna kamar yadda suka saba suna raye. Hannunka-mai-sanda ne ga al'ummar da saye-saye ya zame mata jiki, kuma 'yan kallo sun gane.

A 1985 Dan O'Bannon ya fitar da The Return of the Living Dead, wanda ya mayar da barkwancin ginshiƙin labari. Wasu ma'aikata biyu a rumbun kayan asibiti a birnin Louisville suka fasa wata gangar sojoji bisa ganganci, iskar gas ta fita. Duk dabarar da suka yi don rufa asiri sai ta ƙara dagula lamarin, har hayaƙin gawar da suka ƙona ya haddasa ruwan sama a kan maƙabarta. Wannan fim ne ya yaɗa tunanin cewa zombi ƙwaƙwalwa yake nema. A wani wuri ma, bayan gawawwakin sun cinye ma'aikatan motar asibiti, ɗaya daga cikinsu ya ɗauki wayar oba-oba ya nemi a turo wasu.

A 1992 Peter Jackson na ƙasar New Zealand ya shirya Braindead, labarin wani saurayi da mahaifiyarsa ta mallake shi. Da wata dabba ta cije ta a gidan zu ta rikiɗe, sai ya ɓoye ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana hidimarta don kada maƙwabta su sani. Fim ɗin bai mayar da jarinsa a sinima ba, wasu ƙasashe kuma sun yanke sassansa saboda yawan jini. Kaset ɗin bidiyo ne ya raya shi. Jackson ɗin nan ne daga baya ya shirya finafinan The Lord of the Rings, har ya lashe kyautar Oscar ta gwarzon darakta a 2004.

A wannan shekara ta 2004 ne Shaun of the Dead na Edgar Wright da Simon Pegg ya fito a Birtaniya. An kashe masa kimanin dala miliyan 6, ya samo kusan miliyan 30. Romero ya yaba da shi har ya ba Wright da Pegg damar fitowa a matsayin gawawwaki a fim ɗinsa Land of the Dead na 2005. Bayan shekara biyar Zombieland na Amurka ya tara fiye da dala miliyan 100, abin da ya nuna wa manyan kamfanoni cewa akwai riba a wannan fage.

Dalilan farin jinin

Dalili na farko yana cikin yadda ake gina tsoro da dariya. Dukansu biyun suna dogara ne da jira da kuma ba-zata. Darakta yakan tsare numfashin mai kallo, ya bar shi yana sauraron abin da zai faru, sannan ya sake shi, ko dai da razana ko da dariya. Zombi ya dace da wannan aiki fiye da sauran dodannin fim, domin yana tafiya a hankali, yana tuntuɓe, ba ya iya buɗe ƙofa. A cikin Shaun of the Dead, jaruman biyu sun samu lokacin tsayawa suna gardamar wane faifan garmaho za su jefi gawa da shi, wane kuma ya fi ƙarfin a yi asararsa, alhali gawar tana matsowa.

Dalili na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne masu rai ake yi wa dariya. Shaun ɗan shekara 29 ne mai sayar da kayan lantarki a Landan, rayuwarsa daga kanti sai mashaya. Ranar da annobar ta ɓarke ya fita zuwa shagon unguwa ya dawo bai lura da komai ba, domin mutanen da ke jan ƙafa a titi ba su bambanta da waɗanda ya saba gani kullum da safe suna hanyar aiki ba. Mai kallo yana dariya, amma ya san da shi ake. Hausawa kan ce da wasa ake faɗa wa wawa magana.

Haka kuma zombi ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, ko aboki, ko mahaifiya. Shi ya sa finafinan da suka daɗe a zukatan masoya sukan ɗauke dariyar a wani wuri. Lokacin da mahaifiyar Shaun ta rikiɗe, ya zama dole ya harbe ta da hannunsa, babu abin dariya a wurin. Wannan juyi ne ke sa mutum ya koma ga fim ɗin karo na biyu da na uku.

Dalili na uku shi ne araha. Mai shirya fim ɗin zombi ba ya buƙatar na'urori masu tsada. Kayan kwalliya, jinin roba, tsofaffin tufafi da abokai masu son fitowa sun wadatar. Da yawa daga cikin gawawwakin Shaun of the Dead masoyan wani shirin talabijin ne mai suna Spaced, wanda Wright da Pegg suka yi a baya, aka gayyace su suka zo. Mai kallo yakan ji cewa mutane irinsa ne suka yi fim ɗin. One Cut of the Dead na Shinichiro Ueda ya mayar da wannan ya zama labarinsa: mintuna 37 na farko an ɗauke su ne a jere ba yankewa, cike da abubuwa masu kama da kurakurai, sannan fim ɗin ya koma baya ya nuna faɗi-tashin ma'aikatan da suka ɗauke su. An sake shirya shi da Faransanci, kuma da shi aka buɗe bikin finafinai na Cannes a 2022.

Dalili na huɗu shi ne ƙa'idoji. Masoya sun san dokokin da Romero ya shimfiɗa, don haka suna jin daɗin ganin an bi su ko an karya su da gangan. Jarumin Zombieland yana da jerin dokokin tsira da ake rubutawa a kan allo, ciki har da motsa jiki da ɗaura bel a mota. Tambayar abin da mutum zai yi idan abin ya faru ta zama abin hira, har ta kai ga a watan Mayun 2011 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi amfani da annobar zombi cikin raha don koya wa jama'a tanadin ruwa, abinci da magani saboda ambaliya da guguwa.

Kowace ƙasa da nata zombin

Saboda zombi ba shi da magana, kowace al'umma tana iya ɗora masa damuwarta. A fim ɗin Juan of the Dead na ƙasar Kyuba, wanda Alejandro Brugués ya fitar a 2011, gawawwaki sun cika birnin Havana, kafafen yaɗa labaran gwamnati kuma suka dage cewa 'yan adawa ne da Amurka ke ɗaukar nauyi. Jarumin, wanda ya saba da buga-bugar neman abinci, sai ya buɗe sana'ar kashe wa mutane 'yan uwansu da suka rikiɗe a biya shi. Fim ɗin ya lashe kyautar Goya ta ƙasar Sifaniya a 2013.

A Indiya, Go Goa Gone na 2013 ya ɗora laifin a kan wata sabuwar ƙwaya da aka raba wa matasa a wajen casu a wani tsibiri, inda Saif Ali Khan ya fito a matsayin ɗan Delhi mai shigar ɗan dabar Rasha.

Najeriya ta san zombi a matsayin makamin zambo tun kafin yawancin waɗannan finafinai. A 1976 Fela Anikulapo-Kuti ya fitar da faifansa Zombie, inda ya kwatanta sojoji da masu bin umarni ba tare da tunani ba. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka kai farmaki gidansa na Kalakuta a Legas suka ƙona shi, mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta ji raunin da ya yi sanadin rasuwarta a 1978. Ma'anar da Fela ya ɗauka ta fi kusa da ta Haiti, wato jikin da wani ke sarrafawa.

A ɓangaren fim, C.J. Obasi ya fitar da Ojuju a 2014, labarin wata unguwar marasa galihu a Legas da gurɓataccen ruwan sha ya rikitar da mazaunanta. Fim ne na ban tsoro zalla, kuma ya lashe kyautar gwarzon fim ɗin Najeriya a bikin finafinan Afirka na AFRIFF na wannan shekara.

Sukar da ake yi

Rukunin yana da masu suka, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. A al'ummomin da ke girmama gawa, suke gaggauta yi mata wanka da sutura, mayar da ita abin wasa yana da nauyi a zuciya. Wasu kuma na ganin haɗa zubar da jini da dariya yana rage wa mai kallo tausayi. Masu kare finafinan kan amsa cewa wuce gona da irin da ake yi da gangan ne, don kada a ɗauke shi da gaske.

Abin da babu gardama a kansa shi ne ba na yara ba ne. A Birtaniya an kayyade Shaun of the Dead ga 'yan shekara 15 zuwa sama, a Amurka kuma shi da Zombieland duk suna ajin da ƙasa da ɗan shekara 17 ba ya shiga sai da babba. Kalmar barkwanci da ke jikin sunan rukunin tana iya yaudarar iyaye, musamman yanzu da finafinan ke yawo a wayoyin hannu inda babu mai tsaron ƙofa.

Duk da shekarun da suka wuce, labarin bai yi nisa da gonakin raken Haiti ba. Fim ɗin Fido na ƙasar Kanada na 2006 ya nuna wani kamfani da ke sanya wa gawawwaki na'ura a wuya yana sayar da su ga magidanta su yi shara da yankan ciyawa. A ƙarshen Shaun of the Dead ma, wata shida bayan an shawo kan annobar, gawawwakin da suka rage an samar musu aikin tattara kekunan sayayya a manyan kantuna, wasu kuma ana nuna su a shirye-shiryen nishaɗi na talabijin. Ba a biyan su albashi, kuma babu wanda ya yi ƙorafi a madadinsu.